Yadda Aka Feɗe Maɗacin Baba

Hajiya mai makarantarmu ba ta taɓa zuwa taron bita ta dawo hannu rabbana ba. In ta tafi Abuja mukan bi ta da addu'a: Allah ya kiyaye hanya, Allah kuma ya sa barci ya ɗauke ta lokacin da ake lacca. Wata shekara ta dawo ta ce a daina duba aikin yara da jan biro, wai ja yana karya musu zuciya, muka koma kore. Wata shekara ta ce yara su riƙa zama a ƙasa, bayan an gama cika azuzuwa da sababbin kujeru. A shekarar da nake ba da labarinta, tsarabar da ta ƙunso mana ita ce gugar ɓawon itace da ganye.

Ni ce malamar ajin ƙanana, 'yan shekara huɗu da biyar, masu kirana Anti suna share majina da zanena, don haka a kaina aka sauke kayan. Ta tara mu a ofis ta nuna mana hoto a wayarta. Wasu 'ya'yan Turawa ne cikin rigunan sanyi a tsakiyar daji, kowa ya manna farar takarda a jikin itace yana goga mata kala, zanen ɓawon yana fitowa a kan takardar. Ganye ma haka, a sa shi a ƙarƙashin takarda a goga, jijiyoyinsa su bayyana. Ta ce wannan ne ke sa yaro ya tashi da son muhalli, kuma makarantarmu ce za ta fara yi a duk faɗin unguwarmu ta Arkilla.

Na ce, "Hajiya, abu ya yi kyau. A jikin wane itacen za mu goga?"

Kowa ya san ita ce da bakinta ta sa aka sare dogon yaron da ke harabar makaranta, wai ganye yana ɓata mata fili, aka shimfiɗe ko'ina da bulon intalok har bakin bayan gida. Abin da ya rage mai kama da tsiro a wurin furannin roba ne a ƙofar ofishinta, su ma sai an wanke su ran Litinin. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke dai ba ki rasa magana. Ba ke ce anka ce akwai ƙaton icce ƙofar gidanku ba?"

Akwai kuwa. Maɗaci ne, kuma Babana ne ya dasa shi.

Baba ya zo Sakkwato daga kudancin Kaduna yana saurayi, aikin koyarwa ya kawo shi. Ya yi zaman haya a Sabon Gari har aka haife mu duka. Da ya sami fili a Arkilla, lokacin wurin duk gonakin gero ne, kafin ya ajiye bulo ɗaya sai da ya dasa itacen nan. Marigayiya Mama takan ce mazan mutane suna fara gida da tushe, nata mijin ya fara da inuwa. Mu muka yi ta jigilar ruwan wanke-wanke muna zuba masa muna ƙunƙuni, har ya kai girman da babban mutum ba ya iya zagaye shi da hannu.

Da idon Baba ya tafi, ciwon nan da likitoci ke kira hawan jinin ido, duniyarsa ta dawo daidai faɗin inuwar maɗacin. Kullum kafin in tafi aiki nakan fitar masa da kujera in zaunar da shi. Kafin hantsi majalisa ta cika. Akwai Alhaji maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga aikin siminti a Kalambaina, da wani tsohon direba, da tela, da duk wanda fansho ya zaunar. Kada in yi ƙarya in ce daɗin hirar Baba ke kawo su, labaransa ba su canza ba tun ina goye. Inuwa ke kawo su. A Sakkwato in bazara ta tsaya da ƙafarta, mai inuwa shi ne mai gari. Su karanta masa jarida, su yi ta gardamar siyasa kamar su ne za a naɗa kwamishinoni. In azahar ta yi su shimfiɗa tabarmi a gefe su yi salla, shi kuma ya ja kujerarsa baya, wai yana yi musu gadin takalma. Ran Lahadi ba mai zama a wurinsa har ya dawo daga coci. Mama ta rasu, 'yan'uwana sun watsu garuruwa, ni ina wurin aiki. In aka cire itacen nan, Baba ba shi da wanda zai ce masa kanzil daga safe har yamma.

Da ganye muka fara a aji. Na ce kowane yaro ya zo da ganye ɗaya daga gida. Ikon Allah! Wata ta zo da kabeji mai sanyin firji. Wani uwarsa ta ƙullo masa garin kuka a leda, ta aiko a ce min ganye ne, daka shi kawai aka yi. Masu rabo suka zo da na mangwaro da gwaiba da zogale. Amma gaskiya ɗaya ce, ranar na ji daɗin aikina. Wata 'yar mitsitsiya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta goga kore a kan ganyen gwaiba, tana ganin layuka suna fitowa ta ƙwala ihu, "Anti, ganye yana da ƙashi!" Duk ajin suka taso kanta. Har aka tashi babu wanda ya nemi zuwa fitsari.

Sati na gaba muka cika motar makaranta muka tafi ƙofar gidanmu. Yara suka kewaye maɗacin kamar tururuwa ta sami sukari. Na riƙe wa wannan takarda, na gyara wa waccan hannu, ɓawon nan mai kaushi da tsage-tsage ya riƙa fitowa a takardu, wani shuɗi, wani ruwan goro, wani launin da babu itacen da Allah ya halitta da shi. 'Yan majalisa suka matsa gefe suna dariya. Baba kuwa bakinsa har kunne. Ya tuna zamanin alli, ya kama hannun wani yaro ya ɗora a jikin itacen yana cewa, "Shafa ka ji. Wannan rigarsa ce. Ta nan yake ci." Har gobe ban yi nadamar kai su ba. Abin da aka ce a yi shi muka yi, muka tafi muka bar itace da rigarsa.

Hajiya ba ta goga komai ba, hoto ta yi ta ɗauka. Kafin mu koma makaranta ta zuba su a guruf ɗin iyaye na waya, da kwatancen gidanmu dalla-dalla, har da shagon mai cajin da ake shan kwana a gabansa. Iyaye suka yi ta yabo. Yabo kuwa a wurin Hajiya kamar fetur ne a wuta. Ana gobe za a tafi hutu ta sanar cewa aikin gida na ƙananan azuzuwa duka shi ne kowane yaro ya kawo gogen ɓawon maɗaci, kuma wanda nasa ya fi kyau zai karɓi kyauta a gaban manyan baƙi ranar bikin makaranta. Ba ta ce kowane itace ba. Maɗaci ta ce, don shi ne ya fito da kyau a hoto.

Ni kuma hutun nan na tafi gida bikin ɗiyar kawuna, a ƙauyen da sai an hau dutse ake samun layin waya. Matar ƙanena ta zo ta zauna da Baba. Mutuniyar kirki ce, ba ta bar shi da yunwa ba, amma in dai akwai wuta da talabijin ko gobara ake yi a waje sai dai ta ji labari.

Sai wanda ya san iyayen yaranmu zai gane abin da ya biyo baya. Yaro ne ake kawo shi makaranta a mota mai sanyi, a ɗauke shi a mota mai sanyi, jakarsa ma wani ke riƙe masa. Shi za a tsayar a rana yana gugar itace kamar akuya mai ƙaiƙayi? Haba! Matar wani darakta ce ta fara gano mafita. Ta aiki direba ya ɓanɓaro mata ɓawon, faɗin takarda, aka ɗora a kan teburin falo, yaro ya zauna a ƙarƙashin fanka, ita ta riƙe kala. Ta sa hoton a guruf. Nan take aka yi ta ruwan "Masha Allah, dabara!" Kuma a Arkilla babu uwar da za ta yarda ɗan wata ya rigayi nata hawa dandamali.

Ga kuma al'adar da muka tashi a cikinta. A ƙasar nan ba a hana sassaƙe. In mutum ya yi sallama ya ce yana son ɓawon maɗaci, magani yake nema, na ciwon ciki ko shawara ko zazzaɓin da ya ƙi jin allura. Ba a tambayarsa wane ciwo ne, don wataƙila basir ne, ka sa dattijo ya ji kunya a banza. Sai dai a ce, "Ɗiba, Allah ya ba da lafiya." Tun ina yarinya ake ɗiba a itacen nan. Mai nema yakan yanki ɗan siriri, faɗin yatsa biyu, ya tafi, wurin ya rufe da kansa. Ba mu taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

To su ma direbobin da masinjojin da masu Keke da aka riƙa aikowa, babu wanda ya yi musu bayanin muhalli. Oga ya ce je ka gida kaza ka samo ɓawon maɗaci mai faɗi, na yaro ne. Me bawan Allah zai ɗauka? Ya zo da adda ya durƙusa gaban makaho ya ce, "Baba, aiko ni aka yi, ɓawo ake so, na yaro ne." Baba ya ce, "Subhana! Ɗiba, ɗana, ɗiba da yawa. Allah ya tashi kafaɗarsa." Mai aike bai yi ƙarya ba, ɗan aike bai yi ƙarya ba, mai itace ya yi abin da iyayensa suka koya masa. Kowa ya fita da gaskiyarsa, itace ne kawai ya rasa fata.

Ranar da na dawo, tun daga kwanar mai caji na hango abin. Na ce wa mai Keke ya tsaya, ban ma san na diro ba. Daga daidai gwiwata har inda hannun dogon mutum zai kai, babu ɓawo. Ja wur, yana tsattsafo da ƙaro, kamar ragon layya da aka feɗe aka rataye. Na zagaya baya ina cewa wataƙila can sun bari. Ina! Bayan ma ya fi sumul, da alama waɗanda suka zo daga ƙarshe sun fi ƙwarewa.

Baba ya ji takuna ya ce, "Ke ce? Sannu da hanya. Ashe bayan tafiyarki wata annoba ta shigo cikin yara. Ba ki ji ba? Kullum sai an zo. Na sa an yi musu addu'a a coci ran Lahadi."

Alhaji ya karɓe ya ce, "Mu ma mun sa liman ya roƙa. Ɗiyata, mun ga iccen na shan wuya, har na yi magana. Babanki ya ce min icce bai hi ɗan mutum ba. To wa ka hana magani?"

Ka ji fa. Coci da masallaci sun haɗu suna roƙa wa yara sauƙi, yaran suna can suna shan yogot suna kallon katun a talabijin.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani, Mama ma ta gaji ta bar ni. A tsaye da jakata a kafaɗa na zazzage musu komai: babu annoba, babu mai ko mura, aikin gida ne, kyauta ake nema, a kan teburin falo ake gogawa. Na faɗi maganganu a kan matan daraktoci waɗanda ba zan rubuta su a nan ba. Tela ya ce innalillahi. Direba ya cire hula ya mayar. Baba ya saurare ni har na gama na tsaya ina haki.

Can ya ce, "To madalla, tunda babu mai ciwo." Ya miƙo min hannu. "Kai ni in taɓa."

Na kai shi. Ya ɗora tafinsa a wurin da aka feɗe, ya fara zagayawa a hankali, ni ina riƙe da gwiwar hannunsa. Na san abin da yake nema. Yana neman ko da ɗan siririn ɓawo ne da ya haɗa sama da ƙasa, wanda itacen zai ci gaba da rayuwa ta kansa. Muka zagayo inda muka fara. Ya sake zagayawa. Sannan ya goge ƙaron da ke hannunsa a jikin rigarsa ya ce, "Ko yatsa ɗaya ba su bar masa ba." A nan ne kuka ya zo min, kukan haushi, wanda ke fita da zafi ta hanci.

Mun yi ihu bayan hari iya ƙarfinmu. Alhaji ya ce a shafe wurin da siminti, don shi a duniya bai san ciwon da siminti ba ya warkarwa ba. Aka lallashe shi. Aka samo laka da kashin shanu aka kwaɓa, dattawan nan suka naɗe hannun riga suka yaɓe itacen, aka naɗe shi da buhunan gero aka ɗaure da igiya. Ya tsaya a ƙofar gida kamar wanda ya yi haɗarin babur. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna tambaya ko wani sabon asiri ne.

Da aka koma makaranta na shiga ofishin Hajiya ko sallama ban gama ba. Ta saurare ni tana danna waya. Ta ce, "Ni na ce su sassaƙe? Goge na ce. Kuma ke ma da abin mamaki kike, sai ka ce mutum anka kashe. Icce ne fa, tsirowa zai yi." Na ce, "Hajiya, in aka feɗe ki daga gwiwa zuwa wuya za ki tsiro?" Ta ce in fita in ba ta wuri. Na fita, don ina da uban da nake ciyarwa, kuma makarantu ba sa bin mutum gida da aiki.

Biki ya yi biki. Aka kafa rumfuna a kan intalok, aka jera gogen yara a bango. Waɗanda aka yi a falo sun fito tsaf, babu lanƙwasa babu ɗigon gumi, hannun uwa ya nuna kansa. Na 'yan yaran da iyayensu suka kai su gindin wani itacen suka yi da kansu, duk a yamutse, an huda wasu da bakin kala, su aka maƙala a lungu kusa da tankin ruwa. Ɗan matar darakta ya yi na ɗaya. Da aka kira shi ya hau dandamali aka tambaye shi wane itace ne wannan, ya ce, "Na Momi ne." Aka yi tafi. Babban baƙo ya tashi ya yi dogon jawabi a kan kwararowar hamada, ya ce da kowace makaranta za ta yi koyi da Hajiya da Sakkwato ta koma kore shar. Ni ma na tafa, tunda ana kallon hannun ma'aikata. Ɓawon da wasu iyaye suka haɗo da shi don ado kuwa, bayan taro malamai suka rarraba aka kai gida aka jiƙa. Aƙalla wani ya sami sauƙin ciki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne itacen bai mutu nan da nan ba. Da damina ta sauka sai ya yi kore, har da sabon toho a sama. 'Yan majalisa suka ce ai ya sha, kashin shanu ba wasa ba. Alhaji ya ce da an sa siminti da tuni ya fi haka. Ni ma na fara sakin jiki. Baba kaɗai ne bai taɓa cewa ya warke ba. In aka yi maganar sai ya ce, "Abin da ya ajiye yake ci."

Da ruwa ya ɗauke, ganye ya fara zuba. Muka ce ai lokacinsa ne. Sanyi ya wuce, itatuwan unguwa suka sake riga, namu bai sake ba. Rassan sama suka fara bushewa, inuwar ta riƙa yagewa kamar tsohon zane. Majalisa ta koma wasan jan kujera, a bi ɗan abin da ya rage, a matsu a gefe ɗaya. Tela ne ya fara ɗaukewa, wai aiki ya yi masa yawa. Sai direba. Ban ga laifinsu ba. Tsoho mai hawan jini ba zai zauna rana tana dukan tsakiyar kansa don zumunci ba. Kafin bazara ta kai tsakiya duk sun koma barandar masallacin da ke tsallaken titi, inda akwai rufi da iska.

Ba su yar da shi ba, in faɗi gaskiya. Alhaji da kansa ya zo ya ce, "Malam, taho mu tahi can, wuri na nan." Ya riƙe masa hannu suka tsallaka. Ya je sau ɗaya, ya je sau biyu, daga nan ya ce ƙafarsa ke ciwo. Da na matsa masa ya ce, "Titin nan sai an ja ni kamar akuya, an tsayar da motoci saboda ni. In an kira salla kowa ya shige ciki, ni ina waje a zaune kamar kayan da aka manta. A nan ni ke cewa sannu da zuwa. A can ni ake ce wa." Ban sake matsa masa ba.

Wata rana da iska wani busasshen reshe ya faɗo ya karya mana kwanon ƙofa. Maƙwabta suka fara magana a kan yaransu, kuma suna da gaskiya. Muka kira masu injin yanka itace. Masu gidan burodi suka zo da mota neman itacen wuta tun kafin a gama, kamar ungulu. Baba yana ɗaki, na ƙure masa rediyo don kada ya ji, ya ce in kashe. Ya zauna ya ji komai da kunnensa, har lokacin da ƙasa ta girgiza. Abincin rana na ɗauke shi yadda na ajiye.

Hajiya ta ji labari, kuma mace ce mai tausayi in an tuna mata. Ta aiko direbanta da ɗan dashen dogon yaro a baƙar leda, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, da saƙon cewa a yi haƙuri, wannan ya ma fi saurin girma. Na so in bi direban da shi in jefa masa a gilashi. Baba ya ce in miƙo. Ya shafa ganyen ɗaya bayan ɗaya, mutumin da ya haura tamanin, ya ce, "Ki dasa. Wani zai zauna." Na dasa, na kewaye shi da ƙaya har biyu, ta awaki da ta masu son muhalli.

Har yanzu nakan fitar masa da kujera da sassafe, don ya ce ɗaki yana cinye masa ƙafa. Yakan zauna kusa da kututturen yana ɗora sandarsa a kai. Alhaji ya fito ya gaishe shi a tsaye, su taɓa 'yar hira, ya ce sai an jima, ya tsallaka. Ran Asabar ɗin da ta wuce ina shara na ga rana ta iso ƙafarsa, ta hau gwiwa, yana zaune shi kaɗai ya juya fuska wajen masallaci. Can tsallake ana ta ƙyaƙyata dariya, da alama direba ne ke ba da labari.

Ya ce, "Shigar da ni, rana ta yi."

Na kai shi falo na zaunar da shi, na kunna fanka. Na juya zan rufe ƙofa saboda zafi, sai ya ɗaga hannu.

"Bar ta a buɗe, ko na ji muryarsu."

Na bar ta a buɗe, na kashe fankar don kada ta dame shi. Na tsaya a bayansa ni ma ina kasa kunne. Ban da ƙarar manyan motoci babu abin da ke isowa.